Ƙure Malejin Waya da Sabon Kenel: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Biya

Duk wanda ya taɓa buga PUBG Mobile ko eFootball a wayar da ba ta da ƙarfi sosai ya san wannan takaicin. Minti biyar na farko komai na tafiya sumul, daga nan hoto ya fara sarƙewa, ka danna harbi amma a kashe ka kafin bindigarka ta tashi. A irin wannan lokacin ne wani zai ce maka ai akwai magani: a buɗe wayar, a cire kenel ɗin kamfani, a sa wanda gwanaye suka gyara, a ɗaga gudun furosesa, wato ƙwaƙwalwar waya mai yin lissafi, daga gigahaz 2.0 zuwa 2.3, shi ke nan waya ta koma sabuwa. Masu harkar suna kiran wannan aiki obakulokin. Mu kuma mu ce ƙure malejin waya.

Maganar ba ƙarya ba ce ɗungurungum. An yi zamanin da wannan dabara take ninka gudun waya sau biyu, kuma na ga hakan da idona. Abin da ya dame ni shi ne ana ta ba matasa shawarar 2010 su yi aiki da ita a kan wayar yau, alhali abin da ke ɗaure wayar yau ba lambar gudu ba ne, zafi ne. Kafin a kai ga nan sai an san mene ne kenel ɗin da ake cewa a canja.

Android a kan Linux aka gina shi, wato manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Kenel shi ne wannan ɓangaren na can ƙasa, wanda mai waya ba ya gani, mai shiga tsakanin manhajoji da ƙarafan da ke cikin injin waya. WhatsApp ba ya magana da furosesa kai tsaye, kamara ba ta taɓa ma'ajiyar hotuna da kanta, duk sai sun bi ta hannun kenel. Shi ke raba aiki tsakanin ƙwayoyin furosesa, shi ke cewa wannan ya tashi wancan ya kwanta, kuma shi ke riƙe da ragamar saurin da kowace ƙwaya za ta yi gudu a kai.

Shi kuwa gudun, da bugu ake auna shi. Furosesa tana da agogo a cikinta mai bugawa babu tsayawa, kuma a kowane bugu tana yin ɗan taki guda na lissafi. Gigahaz 2 na nufin bugu biliyan biyu a daƙiƙa ɗaya, kuma megahaz dubu ne ke yin gigahaz ɗaya. Sai dai waya ba ta wuni a kan wannan saurin. Akwai jadawalin matakai, daga 'yan megahaz ɗari uku ko sama da haka har zuwa ƙololuwa, kuma kowane mataki an haɗa shi da adadin bolteji, wato ƙarfin wutar lantarkin da za a ba furosesa don ta iya tsayawa a kansa. Mai zaɓen matakin da za a hau a kowane lokaci sunansa gwamna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran janareto ya ji wannan kalmar, kuma aikin iri ɗaya ne: an ɗora wa inji kaya, gwamna ya ƙara masa mai, an sauke, ya rage. A waya akwai gwamnoni iri-iri, irin su ondemand da interactive na da, da schedutil da ya shigo Linux a 2016 wanda yawancin wayoyi suka koma kansa. Ka taɓa fuskar waya, gudu ya yi sama cikin ƙiftawar ido, ka ajiye ta, ya sauko.

Ƙure maleji kenan shi ne a ƙara wa wannan jadawali matakai a samansa, waɗanda kamfani bai sa ba, sannan a ba gwamna izinin hawa kansu. Tun da jadawalin a zamanin da a cikin kenel yake, sai an canja kenel. Abin da ya sa hakan ya yiwu ma tun farko shi ne lasisin Linux, wato GPL, wanda ya wajabta wa duk kamfanin da ya sayar da waya da kenel ɗin a ciki ya saki asalin rubutunsa ga masu buƙata. Daga nan ne mutane irin su Francisco Franco mai franco.Kernel, da mai ElementalX, da mai Siyah na wayar Galaxy S II, suka riƙa ɗaukar rubutun kamfani suna gyarawa suna rabawa kyauta.

To me ya sa kamfani zai bar rarar gudu a cikin wayar da yake son ta fi ta abokin gasarsa? Amsar tana masana'antar da ake ƙera furosesa. A kan faifan silikon guda ake buga ɗaruruwansu lokaci ɗaya, amma ba sa fitowa daidai wa daida, kamar yadda buhun gero ɗaya ba ya rasa tsaba mai ƙwari da mai rauni. Wata za ta iya gudu mai yawa da ɗan bolteji kaɗan, wata sai an ƙara mata wuta kafin ta tsaya da ƙafarta. Kamfani kuwa zai sayar da miliyoyi, don haka dole ya tsayar da maleji a inda mai raunin ma za ta jure, a ƙasa mai sanyi da mai zafi, yau da kuma bayan shekara uku. Tazarar da ke tsakanin abin da furosesarka za ta iya da abin da aka yarje mata ita ce gonar masu obakulokin. Shi ya sa mutum biyu masu waya iri ɗaya za su sa kenel ɗaya, ta wannan ta yi lafiya, ta wancan ta riƙa mutuwa tana tashi.

A shekarun farko wannan tazarar babba ce ƙwarai. HTC Dream, wayar Android ta farko da ta fito a 2008, furosesarta ta megahaz 528 ce, amma an ɗaure ta a kan 384 don batir ya daɗe. Sakin ta kawai zuwa inda aka ƙera ta ya ba da ƙarin sama da kashi 37 cikin ɗari. Motorola Droid ta 2009 ta zo a kan megahaz 550, mutane suka riƙa kai ta gigahaz 1 har da ɗoriya ta hanyar sabon kenel da manhajar SetCPU. HTC Desire Z ta 2010 daga megahaz 800 aka ɗaga ta zuwa gigahaz 1.4, wasu ma suka zarce. Galaxy S II ta 2011 daga 1.2 zuwa 1.5 ko 1.6. Waɗannan wayoyi ƙwaya ɗaya ko biyu gare su, wutar da suke ci ba ta taka kara ta karya ba, kuma Android na lokacin yana jan ƙafa sosai, saboda haka bambancin a hannu ake jin sa, ba a takarda ba. Wanda ya yi wannan aiki a 2010 bai yi wauta ba.

Yanzu ga inda lissafin ya juya. Wutar da furosesa ke ci tana tafiya ne da gudu, sannan da bolteji sau bolteji. A kula da wannan na biyun, domin nan gizo ke saƙa. A can saman jadawali ba a samun ƙarin gudu sai an ƙara bolteji, in ba haka ba taranzistocin, wato ƙananan makunnan da ke cikin furosesa, ba za su kammala juyawa kafin bugu na gaba ya riske su ba, lissafi ya ɓaci, waya ta ɗauke. Mu ce ka ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari, kuma hakan ya tilasta maka ƙara bolteji da kashi 10. Wutar da za a ci ita ce 1.1 sau 1.1 sau 1.1, wato 1.33. Ka sayi ƙarin gudu na kashi 10 da ƙarin wuta na kashi 33. Kuma duk wutar da ta shiga furosesa zafi take komawa, babu wata hanyar da take bi ta fita.

Kwamfutar tebur tana da fanka da ƙarfen shan zafi mai girman dunƙulen hannu, wasu ma har da bututun ruwa. Yawancin wayoyi ba su da ko ɗaya. Zafin yana bi ne ta siririyar takardar girafait ko ɗan faifan tagulla, ya bazu a jikin gilashi da firam, daga nan iska da tafin hannunka su kwashe. Abin da jikin waya zai iya fitarwa a kai a kai bai wuce kimanin wat 4 zuwa 5 ba, alhali furosesar manyan wayoyin yau tana iya zuƙar sama da wat 10 idan aka sake ta. Ma'ana tun daga kamfani an riga an ba ta gudun da ba za ta iya riƙewa ba sai na ɗan lokaci. Da zarar ma'aunan zafin da ke ciki suka ga jikin waya ya doshi digiri 40 da wani abu, sai a taka birki: a sauko da gudu mataki-mataki har zafin ya daidaita.

Ka gwada da kanka. Ka buɗe gem mai nauyi, ka ɗora yatsa a bayan wayar, gefen kamara, inda furosesa take kwance a yawancin wayoyi. Da farko wurin ɗumi-ɗumi ne. Can sai ka ji zafin ya gangaro zuwa tsakiya, gefen firam ya fara cizon yatsa, hasken fuska ya ɗan dushe da kansa ba tare da ka taɓa shi ba, kuma daidai wannan lokacin ne hoton ke fara tsalle. Sarƙewar da ta sa ka fara neman kenel tun farko, birkin zafi ne. Wayar ba ta kai ƙololuwar malejinta ta rasa wurin zuwa ba, saukowa ta yi daga kansa. Idan ka ƙara mata matakai a sama, abin da ka yi shi ne ka sa ta isa wurin birkin da wuri, kuma ta sauko ƙasa fiye da da. Minti biyu na farko lambar gwaji za ta burge ka, minti ashirin na gaba kuma gem ɗin ya fi muni.

A nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo cikin maganar, kuma ba ƙaramin shigowa ba. Zafi yana fita daga waya ne gwargwadon bambancin da ke tsakaninta da iskar da ke kewaye da ita. Wanda ya gwada kenel ɗin a ɗaki mai digiri 25, wayar da ke tsayawa a 45 tana da tazarar digiri 20 da za ta tura zafi. Kai da ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, iska na digiri 40 ko fiye, tazararka digiri 5 ce, kashi ɗaya cikin huɗu na tasa. Waya ɗaya, kenel ɗaya, amma ba duniya ɗaya ba. Ƙara da cewa da yawanmu muna buga gem ne waya na jone da caja, don ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba, ga kuma kauri na robar kariya a bayanta. Cajin kansa zafi yake haifarwa, kuma batirin litiyom babu abin da ke tsufar da shi da wuri kamar zafi. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, wanda masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ke gani kullum, zafi na cikin manyan abubuwan da ke kai shi ga haka.

Wasu masu haɗa kenel sun san da wannan birkin, sai su ɗaga iyakar zafin ko su kashe shi gaba ɗaya, su kira shi yanayin 'yan gem. Wannan ne ɓangaren da nake ƙi da gaske. Furosesa tana da kariyar ƙarshe da za ta kashe kanta kafin ta ƙone, amma batirin da ke manne kusa da ita da ƙananan ƙwallayen dalmar da suka riƙe ta a jikin fanel ba su da wannan gatan. Dumama da hucewa, dumama da hucewa, a hankali dalma ke tsagewa.

Akwai kuma abin da masu tallar obakulokin ba sa faɗa: a yawancin wayoyin zamani ƙofar ma an rufe ta. Tun daga zamanin furosesar Snapdragon 845 ta 2018, jadawalin gudun babbar furosesa ya bar hannun kenel. Manhajar can ƙasa mai ɗauke da sa hannun kamfani ce ke rubuta shi tun kafin Android ya farka, shi kenel karantawa kawai yake yi ya zaɓi mataki daga ciki. Ba zai iya ƙirƙiro sabo ba. Hakan bai hana wasu gyara kenel ya riƙa nuna babbar lamba a manhajar dubawa ba, alhali agogon na ciki yana nan inda yake. Ka ga gigahaz 3 a fuska, ka ji daɗi, amma aikin da ake kammalawa a daƙiƙa bai ƙaru ko da ƙwayar zarra ba.

Inda ƙofar ta rage a buɗe shi ne sashen zane, wato GPU, wanda a wayoyin Snapdragon da yawa jadawalinsa ke cikin wani fayil mai bayanin kayan injin waya. Manhajar KonaBess, wadda ta samo sunanta daga Kona, laƙabin da Qualcomm ke kiran Snapdragon 865 da shi, aikinta kenan: ta buɗe wannan jadawali a wayoyin 855 da 865 da 888 da makamantansu a gyara gudu da bolteji. Kuma abin lura, da yawa daga masu amfani da ita rage bolteji suke yi, ba ƙara gudu ba.

Rarar da ake farauta a da ma ba ta ɓace haka kawai ba, kamfanonin ne suka gano kuɗi ce suka fara sayar da ita da kansu. Snapdragon 855 na gudu a gigahaz 2.84, sai aka tace masu ƙwari aka sa musu suna 855+ a kan 2.96, ƙarin kashi 4 kenan. Snapdragon 865 ma 2.84 ne, 865+ ya kai 3.1, sannan 870 ya kai 3.2, duk gida ɗaya. Snapdragon 8 Gen 2 yana kan 3.2, wanda aka keɓe wa Galaxy S23 kuma 3.36, kashi 5. Ko a wayoyin da suka fi yawa a hannunmu haka abin yake: babban abin da ya raba Helio G80 da Helio G85 na MediaTek shi ne sashen zane na G80 yana kan megahaz 950, na G85 kuma 1000. Idan kamfanin da ya ƙera abin, mai na'urorin gwaji da damar zaɓen tsaba mafi kyau, abin da ya iya tatsa kashi 4 ne zuwa 13, mene ne ya rage wa mai kenel a ɗakinsa? Su kansu kamfanonin sun san lambar ƙololuwa ta talla ce. A 2013 an gano Galaxy S4 mai furosesar Exynos tana sakin sashen zanenta zuwa kusan megahaz 533 idan ta gane manhajar gwaji ce ke gudana, amma a gem ta tsaya a 480.

Sai kuɗin shiga. Ba a sa kenel ɗin waje sai an buɗe butloda, wato mai gadin da ke duba sa hannun kamfani a kan duk abin da zai tashi da waya. Buɗe shi yana share komai da ke cikin wayar, hotuna da lambobi da saƙonni, kuma da gangan aka yi haka don kada ɓarawo ya bi ta nan ya kwashi sirrin mutane. Huawei ta daina ba da lambar buɗewa tun 2018. A can baya Xiaomi ta daɗe tana sa mutum jiran awa 168, mako guda cur, kafin ta yarje masa. A wayoyin Samsung kuwa akwai wani ɗan fis na tsarin tsaron Knox a cikin injin, wanda da zarar an sa abin da ba na kamfani ba yake ƙonewa, alamarsa ta tashi daga 0x0 zuwa 0x1, kuma ba ya gyaruwa har abada. Ko ka mayar da komai yadda yake, Secure Folder da manhajar biyan kuɗi ta Samsung sun tafi, garanti ma a mafi yawan wurare haka.

Wanda ya fi shafar mu shi ne banki. Google na da tsarin Play Integrity, magajin SafetyNet, wanda manhajoji ke tambaya ko an taɓa wayar nan. Manhajojin kuɗi da yawa in suka ji an buɗe butloda ko an yi rutin, wato an karɓe cikakken iko da tsarin wayar, sai su ƙi tashi. Akwai dabarun ɓoyewa ta manhajar Magisk, amma wasan ɓuya ne da ba ya ƙarewa: yau ya yi aiki, gobe a toshe. Ga wanda wayarsa ɗaya ce, ita ce bankinsa, ita ce shagonsa, da ita ake turo masa kuɗin ciniki, wannan ba ƙaramar caca ba ce. Garin neman gira a rasa ido kenan. Kuma kenel shi ne ke ganin komai da ke wucewa a waya, har da lambar sirrin da kake dannawa, don haka sa wanda ba ka san wanda ya haɗa shi ba, wanda bai saki asalin rubutunsa kowa ya duba ba, daidai yake da miƙa wa baƙo makullin ɗakinka.

Kenel kuma ba riga ba ce da kowa zai zura. Ana haɗa shi ne don waya guda takamaimai, wani lokacin ma don sigar Android guda. Wayoyin da suka samu gata a wannan fanni su ne irin Nexus da Pixel da OnePlus da Poco F1 da wasu Redmi masu Snapdragon, saboda rubutun kenel ɗinsu na samuwa kuma masu sha'awa sun taru a kansu. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka cika aljihunmu, galibinsu MediaTek ko Unisoc ne a ciki, kuma da wuya ka samu kenel na musamman da aka yi wa ɗayansu wanda za ka amince da shi. Abin da ke yawo da sunan mai ƙara gudu a irin waɗannan wayoyi, mafi yawansa ɗan rubutu ne da ke kafe gwamna a matakin ƙarshe ya hana shi saukowa, ko ya kashe birkin zafi. Babu megahaz ko ɗaya da ya ƙaru, batir ne kawai ke zuba. Sannan tun daga Android 12, wayoyin da suka fito da Linux 5.10 zuwa sama suna amfani da kenel na bai-ɗaya da Google ke kira GKI, inda aka kwashe abubuwan da suka shafi kayan kowace waya aka mayar da su wasu sassa dabam. Canja kenel ɗin kaɗai bai cika taɓa gudu ba a irin wannan tsari.

Ni ma na sha nawa rabon. Wata tsohuwar wayata ce, na samo kenel da aka yi wa mai irin sunanta amma ta wata kasuwa dabam, ban tsaya na duba lambar samfurin da ke bayanta ba, kuma ban ajiye kwafin boot.img na asali, wato fayil ɗin da kenel ɗin kamfani yake ciki, ba. Na yi filashin, wato na rubuta kenel ɗin a cikin wayar, na danna ta tashi. Tambarin kamfani ya fito, ya tsaya, fuska ta yi baƙi, ta ɗan girgiza, tambarin ya sake fitowa. Haka ta yi ta yi a kan tabarma har bayanta ya yi zafi, ni kuma ina zaune ina kallo zuciyata na dukan uku-uku, don lambobin mutanen da nake hulɗa da su duk suna ciki. Sai da na kwana biyu ina sauke cikakkiyar manhajar kamfanin da datar da ba ta da ƙarfi kafin ta dawo. Na yi sa'a, domin a wayoyin MediaTek wanda ya yi kuskuren goge sashen NVRAM da manhajar SP Flash Tool yana iya rasa lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, waya ta tashi lafiya amma ta ƙi ganin layi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa kenel na musamman aikin banza ne. Amfaninsa na gaskiya yana ɗaya gefen lissafin nan na bolteji sau bolteji. Rarar da kamfani ya bari saboda furosesa mai rauni ana iya cin ta ta hanya biyu: a ƙara gudu a kan wuta ɗaya, ko a rage wuta a kan gudu ɗaya. Ka rage bolteji da kashi 5 cikin ɗari, wutar da ake ci ta ragu da kusan kashi 10. Zafi ya ragu, birki ya jinkirta, gem ya daɗe yana tafiya daidai, batir ya ƙara kai ka. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan shi ne ƙarin gudun da ake ji a hannu. Shi ma yana da iyakarsa, in ka zarce waya za ta riƙa daskarewa ko ta ɗauke, amma kuskurensa ba ya dafa batir.

Labarin Nexus 5X ya fi komai nuna wannan. Wayar ta fito a 2015 da Snapdragon 808, mai manyan ƙwayoyi biyu da ƙanana huɗu, kuma da yawa daga cikinsu daga baya suka kamu da ciwon maƙalewa a tambari. A 2017 masu haɗa kenel suka fito da gyaran da ya tashi wayoyi da dama daga kabari, kuma abin da gyaran ya yi shi ne ya kashe manyan ƙwayoyin biyu gaba ɗaya, ya bar wayar tana tafiya a kan ƙananan huɗu. Gudu ya ragu, amma mutane sun samu hotunansu, wasu ma suka ci gaba da amfani da wayar. Haka nan tsofaffin wayoyin da kamfani ya daina kula da su, kenel da manhajar sa-kai irin LineageOS ne ke ba su sabon Android da toshe ɓarakar tsaro shekaru bayan an manta da su.

Akwai ma tambayar da ya kamata a fara yi kafin duk wannan: shin furosesa ce ke jan ƙafa? A ƙananan wayoyi sau da yawa ba ita ba ce. Waya mai RAM gigabait 2 ko 3 tana kashe manhaja ne ta sake buɗe ta duk lokacin da ka fita ka dawo, ma'ajiyarta kuma irin eMMC ce mai nawa, wadda ke ƙara nauyi idan ta kusa cika. Furosesa na zaune tana jiran a miƙo mata aiki. Ka ƙara mata gudu, ta ƙara saurin jira ne kawai. Share gigabait 10 na bidiyon guruf-guruf ya fi yi wa irin wannan waya amfani.

Wanda ya ji duk wannan kuma yana son ya koya, ina goyon bayansa, don ta nan mutane da yawa suka fara fahimtar yadda kwamfuta ke aiki. Amma ya yi a kan waya ta biyu wadda babu banki a cikinta. Ya tabbatar da lambar samfurin harafi da harafi, ya sauke cikakkiyar manhajar kamfani ya ajiye a kwamfuta tun kafin ya taɓa komai, ya kwafi boot.img na asali. Inda wayar ta yarda, ya fara tashin sabon kenel ɗin na wucin gadi da umarnin fastboot boot, wanda ba ya rubuta komai a ciki, in an kashe an kunna ta koma yadda take. Ya riƙa matsawa mataki ɗaya-ɗaya, kuma kada ya kunna zaɓin da ke dawo da saitin da kansa a duk tashi sai ya wuni a kansa lafiya. Wajen auna riba kuwa kada ya yarda da gwajin minti ɗaya da aka yi da sanyin asuba. Ya sa gwaji mai maimaita kansa na minti ashirin, irin na 3DMark mai zagaye 20, da rana tsaka a ɗakin da ya saba zama, sau ɗaya da kenel ɗin kamfani, sau ɗaya da sabon, sannan ya kwatanta lambar zagayen ƙarshe na kowanne.